Me ya sa aka sallami Finn daga gasar Olamfik, aka bar ILCA?

Mazaunin Gaɓa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekara tara ke nan ina zaune da iyalina a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila, kuma a nan ne ɗana ya shiga tseren ƙananan jiragen ruwa marasa inji, waɗanda iska ce kaɗai take tura su ta hanyar ƙyallen da aka ɗaura a jikin doguwar sanda. Ya fara da jirgin yara da ake kira Optimist yana ɗan shekara takwas, daga baya ya koma ILCA, wanda tsofaffin 'yan wasa har gobe suke kira Laser. Yanzu shekararsa 17, ya fi ni tsawo, nauyinsa kilo 88, kuma ga dukkan alamu bai gama girma ba, domin kawunnansa na wajen uwa duk ƙarti ne.

Makon jiya mai horar da su ya ja ni gefe ya gaya mini cewa idan yaron ya ƙara kilo biyar ko shida, to babu sauran jirgin mutum ɗaya da zai dace da shi a gasar Olamfik, sai dai ya riƙa takura wa cikinsa ko kuma ya nemi wani fannin. Ya ce da can akwai jirgin manya da ake kira Finn, amma an cire shi bayan gasar Tokyo. Abin ya tsaya mini a rai. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni: wane ne yake zaɓar samfurin jirgin da za a yi tsere da shi a gasa mafi girma ta duniya, kuma da wane ma'auni? Me ya sa aka cire jirgin da ya kusa shekara saba'in a gasar? Na kuma ji an ce a 2019 an gwada wasu sababbin jirage tare da Laser, wani sabo ya fi shi maki, amma duk da haka aka bar tsohon. Idan gaskiya ne, mene ne amfanin gwajin tun farko?

Dattijon Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Mai horar da shi bai ɓoye maka komai ba, kuma domin ka ga dalilin, sai mu fara daga yadda jirgin kansa yake tafiya.

Ƙaramin jirgin tsere ba shi da dalma ko wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da zai hana shi kifewa kamar yadda manyan jirage suke da shi. Idan iska ta bugi ƙyalle daga gefe, jirgin yana neman kwantawa, kuma abin da kawai yake mayar da shi tsaye shi ne jikin matuƙin, wanda zai saƙala ƙafafunsa a wata ɗamara da ke tsakiyar jirgin ya miƙa gangar jikinsa waje a saman ruwa, ya zauna a haka na tsawon mintuna masu yawa, cinyoyinsa da cikinsa suna ɗauke da shi. Saboda haka faɗin ƙyalle da nauyin mutum abokan juna ne. Idan mutum ya yi wa jirgi rashin nauyi, iska mai ƙarfi za ta fi ƙarfinsa. Idan kuma ya yi masa nauyi da yawa, a ranar da iska ta yi sanyi zai ga masu ƙaramin jiki suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, musamman lokacin da ake tafiya iska tana bayansu. Ƙyallen ILCA 7, wanda maza suke amfani da shi a Olamfik, faɗinsa murabba'in mita 7.06 ne, gangar jirgin kuma kusan kilo 59, kuma galibin manyan gwanayensa suna tsakanin kilo 80 zuwa 85. Finn kuwa ƙyallensa murabba'in mita 10.6 ne, gangarsa kilo 107, kuma masu tuƙa shi sukan kai kilo 95 zuwa 100 ko sama da haka. Ka ga ashe duk ranar da hukuma ta zaɓi samfurin jirgi, ta zaɓi irin jikin da zai iya cin lambar zinare ke nan, ko ta faɗa da bakinta ko ba ta faɗa ba.

Hukumar da take yin zaɓin ita ce World Sailing, wadda aka kafa a Paris a 1907 da wani suna daban, amma ba ita kaɗai take da ta cewa ba, domin Kwamitin Olamfik na Duniya ne yake ƙayyade yawan lambobi da yawan 'yan wasa, kuma sai ya amince da jerin wasannin kafin ya tabbata. A zamanin farko kusan kowace ƙasa mai masaukin baƙi takan kawo nata jirgin: a Los Angeles a 1932 an yi da Snowbird, a Kiel ta Jamus a 1936 an yi da O-Jolle, a Torbay ta Ingila a 1948 an yi da Firefly. Finn ne ya kawo ƙarshen wannan canje-canje. Wani mutumin Suwidin mai suna Rickard Sarby ne ya zana shi a 1949, aka ɗauke shi domin gasar Helsinki ta 1952, inda shi Sarby ɗin da kansa ya ci tagulla a cikin jirgin da ya zana. Daga wannan shekara har zuwa gasar Tokyo da aka yi a 2021, ba a taɓa yin Olamfik ba tare da Finn ba.

Ka dubi mutanen da suka fito daga cikinsa. Paul Elvstrøm na Denmak ya ci zinare da Firefly a 1948, sannan ya ci sau uku a jere da Finn, a 1952 da 1956 da 1960. Russell Coutts na Niyuzilan ya ci a 1984. Jacques Rogge na Beljiyam, wanda daga baya ya shugabanci Kwamitin Olamfik ɗin gaba ɗaya, Finn ya tuƙa a gasa uku lokacin ƙuruciyarsa. Amma misalin da ya fi kusa da batun ɗanka shi ne Ben Ainslie na Birtaniya, wanda ya ci azurfa da Laser a 1996, ya ci zinare a 2000, sannan ya ƙara nauyi da gangan ya koma Finn, ya ci zinare a 2004 da 2008 da 2012. Wato akwai tsani: yaro ya fara da Optimist, ya hau Laser, idan jikinsa ya cika ya wuce Finn. Matakin ƙarshe na wannan tsani ne aka sare.

Yadda aka sare shi kuwa abin takaici ne. A Tokyo wasannin jiragen iska goma ne, biyar na maza, huɗu na mata, ɗaya na haɗaka. Kwamitin Olamfik ya ce a gasar Paris ta 2024 dole lambobi da kujeru su zama daidai tsakanin maza da mata, kuma Finn ne na biyar ɗin da ba shi da takwara a ɓangaren mata. A taron World Sailing da aka yi a Landan a watan Mayun 2018 an fara amincewa da wata dabara ta haɗa namiji da mace, kowa a jirginsa shi kaɗai, a haɗa makinsu su ci lamba ɗaya, kuma masoyan Finn suka ɗauka sun tsira. Da aka je babban taron shekara a Sarasota ta jihar Fulorida a watan Nuwamban wannan shekarar, sai majalisar hukumar ta soke wannan ta maye gurbinsa da tseren babban jirgi na mutum biyu, namiji da mace, wanda za a kwana ana yi a tsakiyar teku. Sai ga shi a 2021 Kwamitin Olamfik ya ƙi karɓar wannan sabon tseren saboda batun tsaro da tsada da wahalar ɗaukar hotonsa, aka raba lambar tseren masu allo da lemar iska gida biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, domin cike gurbin. An saki reshe an kama ganye, kuma ganyen ma ya tsinke. Kafin wannan, tun bayan gasar Landan ta 2012 an riga an cire jirgin Star, wanda shi ma mafaka ce ta masu babban jiki.

Ni ra'ayina a fili yake: daidaita maza da mata abu ne mai kyau, amma an yi shi da gaggawa da lissafin siyasa, kuma an bar kaso mai yawa na samari masu ƙarfi a waje.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban musanta ko ɗaya daga cikin shekarun da ka kawo ba, kuma ni ma ina ganin an yi wa Finn sallama mara daɗi. Sai dai ina ganin ba a nan gizo yake saƙar ba, domin tambayar da hukumar take amsawa ba ita ce wane jirgi ya fi kyau ba. Tambayar ita ce wane jirgi ne zai sa ƙasashe mafi yawa su iya zuwa layin tashi da fatan yin wani abin kirki, alhali kujerun suna raguwa. A Rio a 2016 an ba wasan jiragen iska kujeru 380, a Tokyo aka rage su zuwa 350, a Paris kuma 330. Kowace ƙasa jirgi ɗaya kawai take da damar sakawa a kowane tsere. Wanda yake rabon kujerun da suke ƙaranci dole ya dubi inda kowace kujera za ta fi amfani.

A Tokyo jirage 19 ne suka yi tseren Finn, alhali 35 suka yi na Laser na maza, 44 kuma na mata. A Marseille, inda aka yi tseren gasar Paris, jirage 43 ne a ɓangaren maza, 43 a ɓangaren mata. Babu wani samfuri a cikin goman da yake tara tutoci masu yawa haka, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera jirgin tun asali. Bruce Kirby da Ian Bruce, mutanen Kanada, sun yi shi ne domin mutum ya ɗora a kan motarsa ya tafi tafki ranar hutu, aka fara nuna shi a kasuwar baje kolin jirage ta New York a 1971, kuma zuwa yanzu an ƙera fiye da 200,000. Dokar samfurin mai tsauri ce: ba ka da izinin canza komai sai abin da doka ta ambata da sunansa. Ganga ɗaya ce, sai dai a sauya ƙasan sandar da ƙyallen, a sami ILCA 4 na matasa, ILCA 6 mai murabba'in mita 5.76 wanda mata suke tsere da shi a Olamfik, da ILCA 7. A gasar Olamfik ma masu shirya gasar ne suke samar da jiragen, ɗan wasa ya zo ya karɓi wanda ya faɗo masa.

Finn ba haka yake ba. Dokarsa ta bar sarari, kamfanoni daban-daban suna yin sanda da ƙyalle, kuma ɗan wasan da yake neman lamba sai ya gwada sanduna da dama na zaren kabon, kowacce da yadda take lanƙwasa, har ya sami wadda ta dace da nauyinsa da salon tuƙinsa, sannan a ɗinka ƙyallen da ya dace da wannan sandar. Wannan ilimi ne mai daɗi, na yarda, kuma shi ne ya sa waɗanda suka fito daga Finn suke zama gwanaye a manyan jirage. Amma ilimi ne mai cin kuɗi, kuma ƙasar da take da masu bincike da asusun tallafi ita take cin moriyarsa. Ba banza ba ne Birtaniya ta ci zinaren Finn sau shida a jere daga 2000 zuwa Tokyo, na ƙarshe biyun ta hannun Giles Scott.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. Pavlos Kontides ya ci azurfa da Laser a 2012, kuma ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar Saifurus a kowane irin wasa. Ya sake cin azurfa a 2024. A wannan gasar ta 2024 Stefano Peschiera ya ci tagulla, ya kawo wa Peru lambarta ta farko tun 1992. Xu Lijia ta ci wa Sin zinare a 2012, Robert Scheidt na Brazil ya ci zinare a 1996 da 2004. Daga nahiyarmu ma, ta wannan ƙofar ce 'yan wasa daga Masar da Seychelles da Mozambik suka shiga tseren Tokyo. Irin waɗannan labarai ne wakilan ƙananan ƙasashe suke tunawa idan aka zo kaɗa ƙuri'a.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta biyu, Malam. Gaskiya ne abin da ka ji. A watan Maris na 2019 an tara jirage huɗu a Valencia ta ƙasar Sifen, wato Laser da RS Aero da Melges 14 da D-Zero, aka gayyato 'yan wasa maza da mata daga ƙasashe daban-daban suka tuƙa su na kwanaki. Kwamitin tantancewa ya ba RS Aero kashi 80 cikin 100, ya ba Laser 69. Babu mamaki a ciki, domin RS Aero ya fito ne a 2014, gangarsa kusan kilo 30 ce, wato rabin ta Laser, kuma tsakanin zanen jiragen biyu akwai fiye da shekara arba'in na ci gaban kayan ƙira. Amma da maganar ta zo gaban majalisar hukumar a Landan a watan Mayu, inda wakilan yankunan duniya suke zaune, sai suka zaɓi Laser da gagarumin rinjaye a ɓangaren maza da na mata duka. Ka sa kanka a matsayin wakilin wata ƙasa da take da tsofaffin Laser talatin a rumbu, waɗanda aka tara cikin shekara ashirin, da masu horarwa da suka san jirgin ciki da waje, da yara da suke kan hanya. Idan aka canza samfuri, washegari duk wannan ya zama kayan tarihi, kuma ƙasashe masu kuɗi za su sayi sababbin jirage a wata ɗaya su fara atisaye, kai kuma kana jiran kasafin kuɗin baɗi. A wurin irin wannan wakili, da tsohuwar zuma ake magani.

Ina so in ƙara wani abu da ba a cika faɗa ba idan ana kukan Finn. Matsalar nauyi ba ta maza kaɗai ba ce. Daga 1992 zuwa 2004 mata suna tsere ne da jirgin Europe, wanda gangarsa kilo 45 ce, kuma kamar Finn ana iya zaɓar sandar da ta dace da jikin mai tuƙi, don haka mace mai ƙaramin jiki tana iya fafatawa. Da aka maye gurbinsa da Laser Radial, wato ILCA 6 na yanzu, a gasar 2008, sai ma'auni ya koma wajen mace doguwa mai kusan kilo 65 zuwa 70, irin su Marit Bouwmeester ta Holan da Anne-Marie Rindom ta Denmak, waɗanda suka yi ta karɓe zinare a tsakaninsu tun daga 2016. Macen da nauyinta bai wuce kilo 55 ba, kuma su ne da yawa a Asiya da Afirka, ba ta da jirgin mutum ɗaya a Olamfik tun shekaru da dama kafin a taɓa Finn, kuma ban ji an yi mata irin wannan kuka ba.

Injiniyan Birni ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma akwai wani zare da ya kamata a jawo, domin ba son sabon jirgi ne ya haifar da gwajin Valencia ba. Asalinsa batun kasuwanci ne. Idan hukuma ta ce duk duniya sai an yi tsere da samfuri ɗaya, kuma kamfani ɗaya ko biyu ne suke da izinin ƙera shi, to ta ba su kasuwar da babu mai gasa da su, kuma dokokin hana babakere na Turai ba sa wasa da irin wannan. Shi ya sa World Sailing ta ɗora wa kanta dokar sake duba samfuran da suke hannun kamfani guda lokaci-lokaci, ta kuma shar'anta cewa duk wanda aka zaɓa dole ya buɗe ƙofa ga kowane kamfani da ya cancanta ya ƙera shi bisa sharuɗɗa na adalci. Ƙuri'ar da Laser ya ci a watan Mayun 2019 da wannan sharaɗi aka ba shi.

A daidai wannan lokaci kuma ƙungiyar masu jirgin ta duniya ta raba gari da kamfanin LaserPerformance, wanda yake riƙe da sunan Laser a Turai da Amurka da wasu yankuna, bayan saɓani a kan duba masana'anta. Tun da sunan da tambarin suna hannun kamfanin, sai ƙungiyar ta koma kiran jirgin da harufan sunanta, ILCA, ta ba sababbin kamfanoni irin su Ovington a Ingila da Devoti izinin ƙera shi. Jirgin bai canza ba, suna ne ya canza, kuma wannan ne dalilin da ya sa ɗanka yake cewa ILCA, dattawan kulob ɗinsu suna cewa Laser. Saboda haka ba zan ce gwajin bai yi amfani ba. Barazanar rasa kujera ce ta sa aka buɗe kasuwar.

Wani abin lura shi ne ba wannan ne karo na farko da jirgi ya ci gwaji ya rasa kujera ba, kuma a wancan karon Finn ne ya ci moriyar. A shekarun 1960 hukumar ta shirya gwaje-gwaje domin neman wanda zai gaji Finn, kuma jirgin Contender, wanda Bob Miller na Ostireliya ya zana, shi ne ya yi nasara a 1968. Wannan Miller ɗin shi ne ya canza suna zuwa Ben Lexcen, ya zana jirgin da ya ƙwace Kofin Amurka, wato shahararriyar gasar manyan jiragen iska, a 1983. An ba Contender matsayin samfurin ƙasa da ƙasa, amma bai taɓa shiga Olamfik ba ko sau ɗaya, Finn ya ci gaba da zamansa na wasu shekaru hamsin. Baba zai gafarce ni idan na ce garkuwar da ta kare Laser a 2019, wato yawan jiragen da suke hannun mutane da yawan ƙasashen da suka saba da shi, ita ce ta kare Finn a wancan zamani.

Inda na rabu da Malama shi ne a kan cewa jirgi iri ɗaya yana nufin adalci. Adalci ne ga aljihu, amma ba ga jiki ba. A jirgin da ake iya sauya sanda, jirgin ne yake bin mutum. A jirgin da komai yake a kulle, mutum ne yake bin jirgin, ya ƙara ko ya rage nauyi har ya shiga ma'aunin. Ita da kanta ta nuna haka da misalin Europe.

Game da yaron kuwa, Malam, kada ka ɗauka an rufe wa masu babban jiki ƙofar Olamfik gaba ɗaya. Wasannin allo guda biyu da aka shigar a 2024, iQFoil da Formula Kite, waɗanda suke tashi sama da ruwa a kan wani fiffike da ke ƙarƙashin allon, sun zama wurin da nauyi yake amfani ƙwarai, kuma da yawa daga cikin mazan da suke kan gaba a cikinsu sun haura kilo 90. Sai dai wannan wani wasa ne daban, tsayuwa ake yi ba zama ba, tseren gajere ne kuma mai gudu sosai, kuma wanda ya saba da dogon lissafin juyawar iska da igiyar ruwa yana iya ganin an rage masa abin da ya fi so. Ga gasar Los Angeles ta 2028 kuwa, ILCA 6 da ILCA 7 ne aka bari, babu Finn.

Dattijon Ruwa ya sake rubutawa:

Injiniya, na karɓi maganar Contender, ka kama ni a nan, kuma ba ni da amsa. Malama kuma ta tuna mini da abin da na manta game da mata masu ƙaramin jiki, na gode.

Abu ɗaya zan ƙara wa mai tambaya. Fita daga Olamfik ba mutuwar samfuri ba ce. Gasar duniya ta Finn, wadda ake kira Kofin Zinare tun 1956, tana nan ana yin ta kowace shekara, kuma gasarsu ta dattawa takan tara ɗaruruwan jirage a Turai. Akwai kuma OK Dinghy, wanda aka zana a Denmak a 1957 a matsayin ƙanin Finn, mai sauƙin kuɗi, kuma mutum mai kilo 90 yana jin daɗinsa. Shi Giles Scott ma da aka cire jirginsa bai zauna a gida ba, ya ci gaba a Kofin Amurka da SailGP, wata gasar manyan jirage masu gudu. Abin da ba zan so ba shi ne a sa yaro ɗan shekara 17, wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ya riƙa ƙin cin abinci domin ya shiga ma'aunin jirgin da aka zana fiye da shekara hamsin da suka wuce. Idan jikinsa ya tsaya a kilo 86 ko 88 da kansa, yana iya fafatawa a ILCA 7, musamman a ranakun iska mai ƙarfi. Idan ya wuce haka, a bar shi ya wuce.

Mazaunin Gaɓa ya sake rubutawa:

Baba, Malama, Injiniya, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na karanta amsoshinku sau biyu, sannan na zauna da yaron bayan sallar isha'i na fassara masa wuraren da Hausarsa ba ta kai ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne labarin mutumin Saifurus, har ya ce da shi ne wakili a majalisar, shi ma Laser zai zaɓa, ko da yake zaɓin bai yi masa daɗi ba. Ni kuwa har yanzu zuciyata tana wajen Baba a kan yadda aka yi taron Sarasota, domin ban ga hikimar cire abin da yake aiki saboda abin da ba a tabbatar za a karɓa ba.

Mahaifiyarsa ta riga ta yanke hukunci a kan batun abinci tun kafin in gama karanta mata sharhin Baba, kuma babu ɗaukaka ƙara. Mun shirya zai ƙarasa kakar bana a ILCA 7, mu ga inda ma'auni zai tsaya zuwa bazara. Ya ce zai gwada allon iQFoil a lokacin hutu, ko da yake ban ga alamar ɗoki a fuskarsa ba. Akwai kuma wani dattijo a kulob ɗinsu da yake da tsohon Finn a ƙarƙashin tamfol a bayan rumbun jirage, kuma da na yi masa magana jiya ya yarda ya ara wa yaron ranar Asabar, da sharaɗin shi zai taimaka masa ya tura shi zuwa ruwa, domin ya ce bayansa ya daina ɗaukar kilo 107. Masu hasashen yanayi sun ce iska za ta yi ƙarfi daga kudu maso yamma. In sha Allah zan dawo in gaya muku sau nawa ya kife.